Autanmu yana da sikizofiriniya, gidana a Agege ya rikice: yaya zan yi magana da shi?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Ina sana'ar kayan gwari a Mile 12, ina zaune a Agege da matata da yara uku a ciki da falo. Ƙanina, autanmu, ɗan shekara 24, na ɗauko shi daga gida don ya riƙa taya ni kasuwa. Bara ya rikice, muka kai shi asibitin masu taɓin hankali na Yaba, suka ce sikizofiriniya ce. Ya samu sauƙi da magani, amma yanzu ya daina sha, wai lafiyarsa ƙalau. Wuni yake a kwance, wanka sai an yi da gaske, kuma ya kafe cewa matata tana zuba masa wani abu a abinci. Na lallashe shi, na yi faɗa, har Alƙur'ani na dafa masa, duk a banza. Matata ta ce ko shi ko ita. Hajiyarmu kuma ta ce sammu ne, in mayar da shi gida a kai shi wurin malam. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya, kai kuma ya biya ka wannan ɗawainiya.

Abu ɗaya ne a cikin bayaninka ba ya jira. Mutumin da ya ajiye magani, zargi kuma ya dawo masa, ciwon ne ke tasowa, saboda haka cikin makon nan likitansa na Yaba ya san halin da ake ciki. In ya ƙi bin ka, ɗauki katinsa ka je kai kaɗai ka yi bayani. Sauran abin da zan faɗa yawancinsa a kan bakin mutanen gida ne, domin in ka cire magani da shaye-shaye, kaɗan ne abubuwan da ke kwantar da wannan ciwo ko su tayar da shi kamar irin maganar da mara lafiya ke sha a gida safe da yamma.

Kada ka ji haka ka ɗauka ina cewa ku kuka jawo masa. Ciwo ne na ƙwaƙwalwa. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kan mutum 1 cikin 300, wato kimanin miliyan 24 a duniya, kuma a maza ya fi bayyana daga ƙarshen samartaka zuwa shekara ashirin da 'yan kai, daidai shekarun autanku. Gado yana da hannu a ciki, wiwi yana ƙara haɗarinsa musamman ga wanda ya fara sha da ƙuruciya, haka nan baƙunta da matsin babban gari. An taɓa yin zamani, daga wajen 1948, da wasu likitoci a Amurka suka ɗora laifin kan uwa, wai irin riƙon da ta yi wa ɗa ne ke jawo shi. Bincike bai gaskata su ba, aka yi watsi da maganar, bayan an sa iyaye mata da yawa kuka a banza. Gida ba ya haifar da ciwon. Sai dai bayan ya zo, gida yana da ta cewa a kan yadda zai kasance.

Yadda aka gano haka kuwa, a shekarun 1950 a Landan wani masanin zamantakewa, George Brown, ya bi sawun mazan da aka sallama daga asibitocin taɓin hankali. Sai ya tarar da abin da ba wanda ya zata: waɗanda suka koma wurin iyayensu ko matansu sun fi saurin komawa asibiti a kan waɗanda suka zauna wurin 'yan'uwansu ko a ɗakin haya. Da aka zurfafa, sai aka ga yanayin maganar gidan ne ke aikin, ko wane ne dangin. A 1976 Christine Vaughn da Julian Leff suka haɗa alƙaluman: cikin wata 9 bayan sallama, a gidajen da ake yawan suka da tsangwama da ɗaga hankali ciwon ya tashi ga kusan rabin marasa lafiya, a gidajen da ake magana cikin sanyi kuwa 13 ne cikin 100. An maimaita binciken a ƙasashe da dama, sakamakon yana nuna wuri ɗaya. Sun kuma lura da abin da zai yi maka amfani kai tsaye: ko da gidan mai zafi ne, in mara lafiya yana shan magani, kuma zaman ido da ido da mutanen gidan bai wuce awa 35 a mako ba, haɗarin yana sauka ƙwarai.

Ga yadda wannan zafi yake a ciki da falon Agege. Ka dawo da la'asar a gajiye, tun kafin asuba kake tsaye ana sauke kwanduna, ka tarar da shi inda ka bar shi. Sai bakinka ya suɓuce: "Ƙato da kai, sa'anninka na can suna neman na kansu, kai sai ci da barci." Wannan ita ce suka. In ta daɗe sai ta wuce kan hali ta koma kan mutumin kansa: "Ka zame mana bala'i, da na sani ban ɗauko ka ba." Akwai kuma na ukun da ba a cika zarginsa ba, domin kama da ƙauna yake: Hajiya ta kira sau uku a wuni tana kuka a waya, a hana shi ko leƙa ƙofar gida, a riƙa duba fuskarsa ana "yaya jikin, me kake ji, me ka gani," kowane motsinsa a mayar da shi alamar ciwo. Nauyi ɗaya duka suke ɗora masa, kuma duka daga masu ƙaunarsa suke fitowa. Wanda bai damu ba ai ba ya faɗa.

Me ya sa maganar da mai lafiya zai shanye take kayar da shi? Mai lafiya in ya tsaya a Oshodi, kwandastoci goma na kiran hanya goma, kunnensa zai tsince wanda ke cewa Agege ya watsar da saura. Wannan tsincewar ce ta raunana a ƙwaƙwalwar autanku. Komai yana shiga lokaci ɗaya da ƙarfi ɗaya, muryarka da kukan yaro da janareton maƙwabta da abin da shi kaɗai yake ji. Don haka mutum ɗaya ya yi magana a lokaci ɗaya, magana ɗaya, gajeriya, da muryar yau da kullum. A kashe rediyo ko talabijin tukuna. Ka zauna a gefensa maimakon ka tsaya a kansa. In ka yi tambaya ka jira, domin amsar da kai za ka bayar nan take shi tana iya ɗaukarsa rabin minti, in kuma ka cike shirun da wata tambayar ka rushe wadda yake haɗawa. Taron dangi da za a zaunar da shi a tsakiya, kawu ya yi nasiha, liman ya yi, abokin kasuwa ya ɗora nasa, ga mai lafiya gata ne, ga shi azaba ce.

Akwai wani hali namu na Hausawa da sai da gangan za a bari. Mu mutane ne masu magana a kaikaice: habaici, gugar zana, shaguɓe, a yi da yaro alhali da babba ake, a ce "wasu dai ba sa jin kunyar cin abin da ba su nema ba" ana kallon bango. Mai wannan ciwo dama matsalarsa ke nan, yana ganin ma'ana inda babu, yana jin duk abin da aka faɗa da shi ake. In aka ƙara masa da habaici na gaske, an tabbatar masa da abin da ciwon ke gaya masa. Haka raɗa. Kai da matarka ku daina yin ƙasa da murya ko yin shiru ɗif in ya shigo. In maganarsa ce ku yi ta a waje, ko ku yi ta a gabansa tare da shi. Wasan da ke tsakanin matar wa da ƙanin miji, wanda ƙila a da su biyun suna jin daɗinsa, a ajiye shi tukuna. Ka tuna kuma da gidan haya na Legas, maƙwabta na hira da Yarabanci a baranda suna dariya, shi ba ya jin yaren, sai ƙwaƙwalwarsa ta cike gurbin da tata fassarar. In ka ga ya kasa kunne ya haɗe rai, ka gaya masa kai tsaye, "hirar ƙwallo suke," in dai hirar ƙwallon suke.

Kwanciyar da ke ƙona maka rai kuwa, kada ka lissafa ta a lalaci. Mutane sun san ciwon da surutai da jin muryoyi da zargi, amma yana da wani ɓangare mai shiru: yana kashe himma, yana rage magana, yana daskarar da fuska, mutum ya ji ba abin da ke masa daɗi. Wannan ɓangaren ya fi ƙin jin magani, kuma a abin da nake gani wurin aiki shi ya fi haɗa faɗa a gida. In mutum na magana da wanda ba a gani kowa ya san ciwo ne. In ya ƙi wanka sai a ce iskanci ne. Wani lokaci maganin ne ke kashe jiki, wani lokaci ciwon damuwa ne ya biyo baya, likita ne zai rarrabe in ka gaya masa. Naka shi ne ka rage girman abin da kake nema. "Ka gyara rayuwarka" ya fi ƙarfinsa. "Auta, na kai maka ruwa banɗaki, in ka fito mu tafi la'asar" yana iya ɗauka. In ya yi, ka nuna ka gani, a taƙaice: "Na ji daɗi da ka fito." In bai yi ba a bar shi sai gobe, kada a jawo tarihin duk abin da ya ƙi yi tun bara. A ba shi aiki ɗaya da yake nasa, ko sayen burodin safe ne, ko raka yara Islamiyya. Sallah kuma a gayyace shi, kada a tsorata shi da wuta. Hadisi ya tabbata cewa an ɗauke alƙalami daga wanda hankalinsa ya gushe har ya dawo, kuma mutumin da muryoyi ke gaya masa ya halaka, wa'azin azaba ƙara masa yake.

Yanzu maganar abinci, wadda ta fi duk sauran nauyi. Ka dafa Alƙur'ani bai yarda ba, kuma ko limaman Agege duka ka tara masa ba zai yarda ba. Ba raina Littafin ya yi ba. Zargin nan ba ta hanyar hujja ya shiga ba, shi ya sa hujja ba ta fitar da shi. A wurinsa tabbas ne, babu ko ɗigon shakka. Duk musun da ka yi, abin da yake ji shi ne Yaya ma ya koma bayanta. Ɗaya kuskuren shi ne a biye masa don a zauna lafiya, a ce "to, za a yi mata magana ta daina." Wannan ya ba shi shaida, ya kuma jefa matarka cikin haɗari. Abin yi shi ne ka faɗi abin da ka sani sau ɗaya, ba zafi, sannan ka koma kan abin da yake ji, domin tsoron nasa na gaske ne ko da dalilin ba na gaske ba ne.

"Auta, ni ban ga an zuba komai ba, kuma tukunya ɗaya muke ci da kai da yara. Amma na ga abin yana hana ka ci, har ka rame. Me zai sa hankalinka ya kwanta ka ci?"

Sai ka saurara. Ƙila ya ce shi zai zuba da kansa, ƙila ya ce sai dai ku ci kwano ɗaya, ƙila ya fi son ka ba shi kuɗi ya saya wurin mai abinci ko ya dafa taliyarsa. Duk masu sauƙi ne, a yi masa. Ba ka amsa zargin ba, ka dai tabbatar ya ci abinci, kuma ka zama mutumin da yake iya gaya wa abin da ke ransa. Wannan matsayi ka tsare shi da kyau, shi ne zai sa ya bi ka asibiti ranar da abin ya tsananta. In ya ce yana jin muryoyi ma haka za ka yi: "Ni ban ji ba, amma na yarda kai kana ji. Me suke cewa?" Tambayar ƙarshen nan zan dawo kanta.

Wani zai ba ka shawarar a niƙa ƙwayar a zuba masa a shayi ko kunu. Kada ka kuskura. Mutumin da ke cewa ana zuba masa abu a abinci, ranar da ya ji ɗaci ko ya ga gari a gindin kofi kun mayar da zarginsa gaskiya da hannunku, kuma daga ranar ba zai ƙara yarda da kowa a gidan ba. Banda haka ba za ka san nawa ya shiga cikinsa ba.

Maganar matarka kada ka ɗauke ta rashin haƙuri. Kai kana fita da duhu, ita ce ke wuni da shi a ɗaki biyu, ita ke dafa abincin da ake cewa ta sa wa guba, ga yara uku. Awa 35 ɗin nan cikin kwana uku take cika su. Yawancin masu wannan ciwo ba sa cutar da kowa, su aka fi cutarwa. Amma in zargi ya tsaya a kan mutum ɗaya na cikin gida, mara lafiya kuma ba ya shan magani, likitoci ba sa wasa da shi, balle in akwai shaye-shaye. Ka gaya wa likita wannan a fili. Kafin magani ya kama, kada a bar su su biyu tsawon wuni, ta ɗauke hannu daga abincinsa, a kawar da wuƙaƙe daga inda ido ke gani, kuma ta san in ya fara zafi ba tsayawa za ta yi tana kare kanta da baki ba, yara za ta kwasa ta shiga wurin maƙwabta ta kira ka. In ya taɓa yi mata barazana, to magana ta wuce ta gida, kwanciya asibiti ce.

Ka nemi inda zai riƙa yin 'yan awoyi a waje. Mile 12 da sassafe, da manyan motoci da 'yan dako da ciniki, ta fi ƙarfinsa yanzu. Amma bayan azahar da kasuwa ta lafa, awa biyu a rumfarka yana ƙulla kaya a leda abu ne mai yiwuwa. Ko shagon wani ɗan garinku mai sanyin hali, ko zaman masallaci tsakanin la'asar da magariba. In da hali, bayan ya natsu, a sama masa wurin kwana a ɗakin samarin garinku da ke kusa, waɗanda ka tabbatar ba sa shan wiwi. Ya fi masa falon da yara ke tsalle a kansa, ya kuma fi wa aurenka. Ka zauna da ita ku biyu ka ce ka ga wahalarta, ka gaya mata shirin da lokacinsa. Ka tafi da ita Yaba ko sau ɗaya ne ta ji daga bakin likita ko nas cewa zargin alamar ciwo ne, domin a yanzu abin da take ji shi ne ƙanin miji ya tsane ta, miji kuma ya ƙi tsaya mata.

Cewa "lafiyata ƙalau" ma daga ciwon yake. Kusan rabin masu shi, ko fiye, ba sa iya ganin cewa ba su da lafiya. Don haka kada ka sa sharaɗin sai ya amsa da bakinsa cewa yana da taɓin hankali. Shan maganin kake nema, amsawar ta zo ko kada ta zo. Ka fara da tambayar da ban ga ka yi ba: me ya sa ya daina? Tsofaffin magunguna irin su haloferidol da Largactil suna iya sa jiki ya sandare, hannu ya yi rawa, ko mutum ya kasa zama wuri ɗaya. Olanzafin yana sa barci da ƙiba, har ya kai ga ciwon sukari in ba a lura ba. Risferidon kan taɓa ƙarfin namiji, abin da saurayi ba zai taɓa faɗa wa yayansa ba. Duk waɗannan ana gyara su, a rage ko a canja. Akwai kuma allurar da ake yi sau ɗaya duk mako 2 zuwa 4, irin su Modecate, wadda ke ɗauke rigimar "ka sha, ban sha ba" daga tsakaninku. Ga gida irin naka ita zan fara tambaya. Ka ɗaura maganin a kan abin da shi yake so, barci mai daɗi ko komawa kasuwa ko tara jarin kansa: "Lokacin da kake sha kana barci, har kana zuwa rumfa. Mu je ka gaya wa likita abin da ya dame ka da shi, ya canja maka." Kai kuma ka riƙe wannan a ranka don kada a sanyaya maka gwiwa: wani babban nazari da aka buga a 2012, wanda ya tattara gwaje-gwaje 65, ya nuna cikin shekara ɗaya ciwon ya tashi ga 27 cikin 100 na masu ci gaba da magani, da 64 cikin 100 na waɗanda aka cire musu. Kada ka sayi Artane ko Exol a kemis da kanka don sandarewar jiki, matasa na shan su don maye. Likita ya rubuta. In azumi ya zo a roƙi likita ya mayar da shan zuwa dare, kada a ajiye.

Hajiya kuwa kada ka yi musu da ita a kan sammu. Ba za ka ci ba, kuma ba ka buƙatar ka ci. Uwa ce tana nesa, autanta ba lafiya, abin da ke hannunta malam ne da addu'a. Ka bar mata wannan, ka ma ƙara mata aiki: ta sa a yi sauka, ta yi sadaka, ta riƙa kiransa sau ɗaya a rana a lokaci sananne, hirar gida da labarin 'yan'uwa, ba kuka. Inda za ka kafe shi ne ba a daina magani, ba duka, ba mari. Addu'a da ruƙiyya ta karatu ba sa karo da ƙwaya. Farfesa Oye Gureje da abokan aikinsa sun gwada irin wannan haɗin a Ibadan da Kumasi, aka buga sakamakon a 2020: inda masu maganin gargajiya da na addini suka yi aiki tare da ma'aikatan asibiti, marasa lafiya sun fi samun sauƙi. Abin da nake tsoro gidan mari ne, inda ake ɗaure mutum da sarƙa, a yi masa bulala wai aljani ake duka, a turara masa hayaƙi, a ce ƙwayar asibiti ce ke hana aljanin fita. Ba a manta abin da 'yan sanda suka tarar a Rigasa ta Kaduna a Satumbar 2019 ba, mutum sama da 300 a gida ɗaya, da yawa da sarƙa a ƙafa. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta ba mara lafiya haƙƙin a yi jinyarsa ba tare da azabtarwa ko wulaƙanci ba. In kunya ba za ta bar ka ka gindaya wa Hajiya waɗannan sharuɗɗa ba, nemi kawu ko gwaggon da take jin maganarsu su faɗa. Dangi kuma su tsayar da mutum ɗaya mai yanke shawara a kan jinya. Mara lafiyar da Yaya ke ce masa sha, Hajiya na ce masa bari, bari zai zaɓa.

To a mayar da shi gida ne? Ba zan ce a'a kai tsaye ba. Garinku na iya fi masa Legas: ga sarari, ga yaren da yake ji, ga aikin gona ko kiwo da ba na gaggawa ba. Tun 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya nuna a Aro ta Abeokuta cewa masu taɓin hankali suna samun sauƙi in an zaunar da su a ƙauyukan da ke kusa da asibiti tare da wani ɗan'uwansu, suna zuwa karɓar magani da rana. Amma ka lura, da asibiti a kusa. Wa zai riƙe shi a can, tsohuwa ita kaɗai? Ina zai riƙa karɓar magani, wa zai biya kuɗin mota da na allura duk wata? Akwai asibitin Dawanau da asibitin Malam Aminu Kano a Kano, na Barnawa a Kaduna, na Kware a Sakkwato, da na tarayya a Maiduguri. In garinku na da nisa da irin waɗannan ka yi lissafi da kyau. In ma za a yi, ba yanzu da ciwon ke tashe ba. Tafiyar kwana da wuni a mota da mutumin da ke cikin zargi, ta cikin shingayen jami'an tsaro, neman fitina ce. Ya koma kan magani ya natsu, a karɓi takarda daga Yaba mai ɗauke da sunan maganin da adadinsa, a gaya masa gaskiyar inda za a da dalili, a ji ta bakinsa. Yaudarar "zo mu je biki" sau ɗaya take ci. Kuma ya san ba korarsa aka yi saboda matar Yaya ba, in ba haka ba zai tafi da zargin ya baza shi a dangi.

Yara a gaya musu daidai hankalinsu, Baffa ba shi da lafiya, yana shan magani, ba laifin kowa ba ne. Kalmar mahaukaci kuma a hana ta a gidan, daga bakin babba har yaro. Maƙwabta ba sai kowa ya sani ba, amma mutum ɗaya ko biyu masu hankali a gidan hayar, da liman ko wani dattijon unguwa, su sani. Dalilina Legas ne. Baƙon saurayi da ke yawo yana surutai, bai iya Yarabanci ba, in aka yi masa ihun ɓarawo kafin a gane mara lafiya ne an gama da shi. Ka sa masa takarda a aljihu da sunansa da lambar wayarka, da rubutun Turanci cewa yana karɓar magani a Yaba.

Na ce zan dawo kan abin da muryoyin ke cewa. In suna umartarsa ya cutar da kansa ko wani, ko ya fara cewa gara ya mutu, ko ya daina ci da sha gaba ɗaya, ko ya yi kwana biyu uku ba barci yana ta zirga-zirga, a ranar za a kai shi, ba a jiran ranar ganin likita. Kimanin 5 cikin 100 na masu wannan ciwo suna kashe kansu, kuma haɗarin ya fi yawa ga samari a shekarun farko, sau da yawa lokacin da suka fara samun sauƙi suka ga abin da ya same su. Tambayarsa kai tsaye ko yana tunanin haka ba ta sa masa tunanin. Fiya-fiya da maganin ƙwari irin Sniper a fitar da su daga ɗakin tun yau. Banda Yaba, asibitocin koyarwa na LUTH a Idi-Araba da LASUTH a Ikeja suna da sashen masu taɓin hankali, Ikeja ce ta fi kusa da kai, lambobin gaggawa na jihar kuma 112 da 767 ne. In ya hargitse a rage mutane, a bar masa hanyar ƙofa, wanda ya fi yarda da shi ya yi magana shi kaɗai, kada a taru a danne shi sai in rai ne ke cikin haɗari.

Ba ka tambaya ba amma za a kawo maka maganar, wai a yi masa aure zai warke. Aure ba ya warkar da sikizofiriniya, ɗawainiyarsa ma tana iya tayar da ita. Masu ciwon da yawa suna aure su haihu su riƙe gida, amma bayan sun daɗe a natse a kan magani, suna da abin yi, kuma an gaya wa yarinyar da iyayenta gaskiya. Game da gado, ɗan wanda ke da ciwon haɗarinsa kusan 1 cikin 10 ne. Naka 'ya'yan, da yake baffansu ne, nasu ya yi ƙasa da haka sosai.

Ranar da za ka Yaba ka yi sammako, ka tafi da katinsa da sauran maganin da ya rage. Ka rubuta a takarda lokacin da ya daina sha, awa nawa yake barci, me yake ci, ainihin kalmomin da yake faɗa a kan matarka, da ko kana zargin yana shan wani abu. Ka tambayi allurar wata-wata, ka tambayi ko za a zauna da ku ku uku a matsayin iyali. In shi ma ya yarda ya je, ka bar shi da likita shi kaɗai na 'yan mintoci, in kuma Hausa kaɗai yake sakewa da ita ka roƙi a samo mai fassara wanda ba kai ba, don akwai abin da ba zai faɗa a gabanka ba.